Wa Ya Kaɗa Waƙa Ta Huɗu?

Tsvetan Gerov yana kwance a ƙarƙashin motar Ognyan, yana yi wa salansa walda, lokacin da ya fara jin faifan da aka ce shi ya kaɗa gangunansa. Ranar Talata ce da hantsi, a garejinsa da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Pernik. Mai motar ne ya kasa haƙuri. Tun da sassafe ya je ya sayo faifan, a nan cikin garejin ma ya yage ledarsa da haƙori.

"Bate Tsetso, kashe wutar nan ka fito," in ji Ognyan, da sunan da kowa ke kiran Tsvetan, bate kuwa yaya ke nan a harshensu. "Salansa ta jira. Shekara ashirin da shida nake dakon wannan abu."

Duk wanda ya yi samartaka a Pernik a ƙarshen mulkin kwaminis ya san ƙungiyar kiɗa ta Sguriya. Su uku ne: Zdravko da waƙa da jita, Nevena da jitar bes, Tsvetan a kan ganguna. Sunan ma a masana'antar ƙarfe suka tsinto shi, kashin ƙarfen nan da ake zubarwa bayan an tace mai kyau. Metal suke kaɗawa, irin mai gudun tsiya, wanda tsofaffi ke toshe kunne su tsine wa mai yinsa. Sau biyu 'yan sanda suna aske wa Tsvetan suma a ofishinsu. Sun yi kaset uku. A shekarar da burodi ya gagari mutane, Zdravko ya tattara ya tafi ƙasar Sifen liƙa tayil a gidajen masu hali, ƙungiya ta watse ko sallama babu.

Bara ya dawo, da tumbi, da gashi rinanne baƙi ƙirin, da littafi cike da sababbin waƙoƙi. Tsvetan ya kore shi sau biyu, a na uku ya yarda. Shekarunsa hamsin da takwas, kuma gwiwarsa ta hagu ba ta ƙara zama daidai ba tun ranar da wani bututun ƙarfe ya faɗo mata a masana'anta. Duk da haka wata biyar ya yi yana rufe gareji da la'asar, ya yaye zanen da ya lulluɓe gangunan, ya yi ta duka har riga ta manne masa a baya. Ya daina taba. Ya daina shan giyarsu ta rakiya in ban da ranar Lahadi. Sa'an nan suka yi sati uku a wani situdiyo a Sofia, yana ɗaure gwiwa da bandeji, yana kaɗa kowace waƙa sau goma, sau goma sha biyar. Da aka gama, duk sanda ya ce a ba shi ya ji, sai Zdravko ya ce ana kan gyara, ya bari ya sha daɗinsa gaba ɗaya ranar fitowa.

To, ga ranar fitowa ta zo.

Ognyan tsohon ma'aikacin ramin kwal ne, ƙato mai furfura, wanda bai taɓa fashin wasan Sguriya ba a wancan zamani. Ya ƙure murya. Waƙa ta ɗaya ta wuce, Tsvetan na tsaye yana goge hannu da tsumma. A ta biyu ya daina gogewa. Da aka shiga ta huɗu, wadda ta fi duka gudu, wadda ƙafafu biyu ke sukuwa a kan fedar ganga tun daga farko har ƙarshe ba hutu, Ognyan ya kama dukan sitiyari yana ihu.

"Kai! Kai! Ji ƙafafu! Bate, ko kana ɗan shekara ashirin ba ka yi wannan ba! Me suka ba ka ka sha?"

Tsvetan ya san kansa a kan feda. Duk inda kiɗa ya ɗauki zafi, ƙafarsa ta hagu takan ɗan makara, sai hannun dama ya rufa mata asiri da duka biyu a kan farantin tagulla. Ko kafin bututun ya faɗo haka yake kiɗa, har Nevena ta saba jiransa a irin wurin. Ya kasa kunne. Wurin ya zo ya wuce sumul, kowane duka daidai da ɗan'uwansa, babu wanda ya fi wani nauyi, kamar keken ɗinki.

"Mayar baya," ya ce.

Ognyan ya mayar. Tsvetan ya sake saurara. Ya ɗauki kwalin faifan ya juya. Ga hotonsu su uku a gaban tsohon tanderu, ga sunan faifan, Tanderu Bai Mutu Ba, ga kuma rubutu daga ƙasa: ganguna, Tsvetan Gerov.

"Gobe ka zo ka ɗauki motarka."

"Lafiya, bate?"

"Na ce gobe."

Ko kayan aiki bai canza ba ya kama hanyar Sofia. Mai situdiyon, Lachezar, siririn mutum ne mai tabarau, kusan sa'ansu. Yana ganin Tsvetan a ƙofa da baƙin mai har gwiwar hannu ya ajiye banitsa, gurasar cukun da yake ci.

"Ina gangata?"

"Gospodin Gerov, zauna tukuna."

"Sati uku kana ce min bate, yau na zama gospodin kamar wani baƙo? Ina gangata, na ce!"

Lachezar bai yi musu ba. Ya ce an cire. Duka waƙoƙin tara, an share abin da Tsvetan ya kaɗa, an sa kwamfuta ta kaɗa a madadinsa. Zdravko ne ya ce a yi.

"Kai kuma ka yi."

"Kwana huɗu na yi ina yanka naka ina liƙawa, ko za ta fisshe ni. Ba ta fisshe ni ba." Ya gyara tabarau. "Ban goge ba. Kana so ka ji?"

Da Tsvetan ya san abin da zai ji, da ya ce a'a. Lachezar ya danna, waƙa ta huɗu ta taso daga manyan lasifikoki. Wannan kam tasa ce, ya gane ta tun duka na farko, da nauyinta da ƙazantarta, har ƙirjinsa ya buɗe. Minti ɗaya ana tafiya lafiya. Daga nan ganga ta fara zama a baya. Jita na gaba tana gudu, ganga na biye tana haki kamar tsoho ya makara bas. A tsakiya ƙafar hagu ba makara ta yi ba, ɓacewa ta yi ɗungurungum, aka bar rami a cikin waƙa, kuma a cikin ramin nan ya ji muryar kansa ta shiga makirfo, wani nishi irin na mai ɗaga buhun siminti.

"Wannan ce mafi kyau a cikin goma sha huɗu," in ji Lachezar a hankali.

Tsvetan ya riƙe bayan kujera. Da ya tarar kiɗan nasa lafiyayye ne, da ya san wanda zai shaƙe. Yanzu kuwa haushin ya ninka, kuma rabinsa ba shi da inda zai sauke shi.

"Me ya hana ku gaya min?"

"Zdravko ya ce za ka farfasa min situdiyo."

"Nevena fa?"

Lachezar ya kalli allon kwamfuta. "A kujerar da kake riƙe da ita take zaune ranar."

"Muryarsa fa? Ita ma inji ne?"

"Tasa ce. An ɗan tallafe ta inda ta faɗi."

"Wuri nawa?"

"Don Allah kada ka sa ni ƙirga."

Tsvetan ya fita ya banko ƙofa da duk ƙarfinsa. Ƙofar situdiyo ce mai soso, ta rufe a hankali ko ƙara ba ta yi ba.

Nevena tana koyar da kiɗa a wata firamare kusa da kasuwa. Washegari da aka tashi yara ta fito ta same shi jingine da katanga. Gajeriyar mace ce mai furfura, ta aske gashin ƙwal kamar soja, kuma tunda yake bai taɓa ganin ta tsorata da kowa ba. Ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Ka ji ke nan."

"Shekara arba'in, Venche," ya ce, da sunan da ya saba kiranta.

"Talatin da bakwai. Zo mu zauna, ƙafata ciwo take."

Suka zauna a benci. Ya ƙi kallonta.

"Kina zaune aka share ni."

"Ina zaune. Na ce a kira ka, Zdravko ya ce a'a, na yi shiru. Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma in kana jira in ce faifan ba shi da kyau, za ka daɗe a bencin nan."

"Faifan ƙarya ne."

"Waƙoƙin fa? Su ma ƙarya ne? Ta bakwai, wadda ya rubuta wa uwarsa da ta mutu yana can yana liƙa tayil a banɗakin wani, ƙarya ce? Tsetso, kasetocinmu uku ka taɓa saurarensu kwanan nan? Kamar a cikin bokiti aka ɗauke su. Bes ɗina ko kare ba ya jin sa. Sau ɗaya a rayuwata na so in ji yatsuna tas, kafin su sandare. Na ji. Ba zan ce ban ji daɗi ba."

"Yatsunki ne ai. Ni ƙafafun wa na ji?"

"Naka sun gaza a ta huɗu. Ka ji da kunnenka."

"To a rage gudu mana! Wa ya ce dole sai mun yi gudun yara? A ce min, Tsetso, ka tsufa, mu sassauta. In zage ku, in yi fushi kwana biyu, in dawo mu kaɗa abin da za mu iya. Haka mutane ke yi."

"Zdravko ya ce in muka dawo a hankali, za a ce tsofaffi sun fito shan iska."

"Gara a ce haka. Tun jiya ba wanda ya gan ni bai rungume ni ba. Mai burodi ya ƙi karɓar kuɗina. 'Yata ta kira daga Plovdiv tana kuka, wai ta sa wa mijinta ya ji abin da babanta zai iya. Me zan ce mata? In ce na gode?"

Nevena ta ciro taba ta kunna, ta miƙa masa kwalin, ya ture.

"Asabar za ka zo shagon faifai sa wa masu saye hannu?" ta tambaya.

"Zan zo."

"Ina jin tsoron yadda ka faɗe shi."

Tsvetan bai kira Zdravko ba duk satin, shi ma Zdravko bai kira ba, ko da yake Lachezar ya gaya masa komai. Ranar Asabar da ƙarfe biyu shagon faifai ɗaya tilo da ya rage a garin ya cika har titi. Mutum kusan saba'in, yawancinsu maza masu sanƙo da tumbi, sun matsa jiki cikin baƙaƙen rigunan da suka yi musu daidai shekara talatin da suka wuce. An ajiye tebur da kujeru uku. Zdravko na tsakiya da baƙin tabarau a cikin ɗaki. Da Tsvetan ya zauna, ya karkato ya yi masa raɗa.

"Bayan an watse mu yi magana. Kada ka yi min hauka a nan."

Tsvetan ya ɗauki alƙalami. Ya sa hannu a faifai ɗaya, biyu, biyar, kowane yana jin kamar takardar shaidar zur yake sa wa hannu. Na shida Ognyan ne. Ya sa rigar Sguriya ta farko wadda rubutunta ya kusa gogewa, ya ajiye faifansa a buɗe, ya ɗora ƙaton yatsa a kan jerin waƙoƙin.

"Nan za ka sa min, bate. Kan ta huɗu. Ka rubuta, daga ƙafafun Tsetso."

Tsvetan ya dubi yatsan, da baƙin kwal ɗin da ya zauna a ƙarƙashin fata tun zamanin rami. Ya ajiye alƙalami ya miƙe, gwiwa ta yi ƙas.

"Ba ni na kaɗa ba."

Na kusa suka yi dariya, sun ɗauka wasa ne.

"Na ce ba ni ba ne! Ba ta huɗu ba, ba ta ɗaya ba, ba ko ɗaya ba. Kwamfuta ce. Na kaɗa, na gaza, suka share suka sa inji, suka bar sunana a kai ba su gaya min ba. Wanda ya zo don gangata ya tafi Sofia, tana can a kan teburin Lachezar da waya a gindinta, ya ce ta sa masa hannu."

Wayoyi biyu uku suka ɗagu sama. Zdravko ya cire tabarau.

"Zauna, Tsetso."

"In na ƙi fa? Za ka share ni?"

"Asirinka na rufa, jaki! Ka ji abin da ka kaɗa? Ka ji? Da na sake shi haka, da yau ba ka iya bin titi."

"Asirina ka rufa ko faifanka? Ka ɗauki sunana ka liƙa a kan inji kamar yadda kake liƙa tayil a kan ruɓaɓɓen bango. Sana'ar da ka koyo ke nan a Sifen."

"Ni na koyo sana'a. Kai me ka yi shekara ashirin da shida? Ka lulluɓe ganga da zanen gado kana jiran mutuwa. Ni na zo na tashe ka!"

"Gaya musu muryarka wuri nawa aka tallafa."

Fuskar Zdravko ta yi ja har saman kunne. Ya miƙe, kujera ta faɗi. Nevena ta sa hannu ɗaya a ƙirjinsa ba tare da ta tashi ba, ta ce, "Na rantse duk wanda ya ɗaga hannu a cikinku sai na fasa masa bes a ka." Ya tsaya.

Sai kuma layin ya kaure. Wani mai gemu har ƙirji ya ce ai shi tun farko ya faɗa, duk ƙungiyar da ta watse ta dawo bayan shekara ashirin ƙarya take sayarwa, tsofaffi su zauna a lambu su ba tattabaru gero. Wani mai gilashi ya ce ya yi wa mutane shiru, wannan faifan ya fi kasetocin nan uku in an haɗa, kuma shi ba ruwansa ko injin wanki ne ya kaɗa, waƙa ta bakwai ta sa shi ya tsayar da mota ya share hawaye. Mai gemu ya ce to ya je ya auri injin wankin. Wata mata daga baya ta ce kowa haka yake yi yanzu, har yaran ma, me ya sa sai nasu za a tsangwama. Aka ce mata yara ba su taɓa kwana a ofishin 'yan sanda saboda gashi ba. Wani ya ce shi dai bai damu da kyau ko muni ba, so yake ya ji mutanen nan uku suna raye, ko da tari suke a makirfo. Mai shago ya hau kujera yana roƙo a yi a hankali da kantoci.

Ognyan bai shiga gardamar ba. Yana nan tsaye gaban tebur, numfashinsa na ƙara kamar yadda na tsofaffin 'yan rami ke yi.

"Kwana huɗu," ya ce wa Tsvetan. "Kwana huɗu ina hawa bene na biyar ba tare da na zauna a hanya ba. Na ce wa matata, in bate Tsetso zai iya wannan da gwiwar nan tasa, ni ma zan iya. Ba za ka iya yin shiru ba?"

"Ba zan iya ba."

"Shege kai, shege shi." Ya rufe faifan ya tura a aljihu, ya ratsa mutane ya fita.

Wannan ta fi zagin Zdravko zafi. Tsvetan ya koma gida a ƙafa, yana ɗingishi, yana zagin duk abin da ya gani a hanya.

Kafin Litinin bidiyon ya zaga ƙasar. Masu zagin Zdravko sun yi yawa, masu zagin Tsvetan ma ba kaɗan ba ne, wai ya kashe wa 'yan'uwansa kasuwa don girman kai. Faifan kuwa sai ya ƙara tafiya, har mutanen da ba su taɓa jin sunan Sguriya ba suna saye su ji gangar da ake faɗa a kanta. Wannan ma ya ƙara masa haushi. Mai burodi ya koma karɓar kuɗinsa. 'Yarsa ta kira, ta ce, "Tate, ka sha maganin gwiwarka?"

Akwai kuma wasan da aka riga aka tallata, ranar bikin gari, ƙarfe biyar na yamma a babban zauren taro. Da can Zdravko ya shirya a saki gangar inji daga baya, Tsvetan ya bi ta a hankali, abin da ya yi niyyar gaya masa sai an kusa. Yanzu ba hali, kowa zai zo da ido a kan ƙafafun mai ganga. Zdravko ya ɗauko wani makaɗi daga Sofia, gwani na gaske, suka yi gwaji sau ɗaya. A na biyu Nevena ba ta zo ba. Ta aika masa cewa ba za ta hau dandamali da baƙo a bayanta ba, ya sa kwamfuta ta kaɗa bes ɗin ma.

Saura kwana goma Zdravko ya shigo gareji. Tushen gashinsa ya fara fitowa fari. Ya tsaya nesa da wutar walda, hannu a aljihu.

"Ban zo ba ka haƙuri ba."

"Ban ajiye maka kujera ba."

"Nevena ta ƙi."

"Ba don ni ba. Ta ce min ni ma jaki ne."

"Ta yi gaskiya." Zdravko ya shuri wani guntun ƙarfe. "Za mu rage gudu. Kaɗan."

"Da yawa."

"Ta huɗu mu cire ta."

"Ta huɗu tana nan, kuma da gudunta."

"Ba za ka iya ba, Tsetso. Mu duka mun ji."

"Na sani. Tana nan. Kuma in za a sake buga faifan a cire sunana, a rubuta kwamfuta. In ka ga dama ka sa mata suna, ka ce 'yar Pernik ce."

Suka yi ta ihu har mai gyaran taya na maƙwabta ya leƙo. Zdravko ya ce masa mai taurin kai, ɗan baƙin ciki, wanda ya fi son ya nutse da kowa a kan a taimake shi. Tsvetan ya ce masa ɓarawo mai rini. Da Zdravko zai fita ya ce gwaji gobe ƙarfe huɗu, kada ya makara.

Zauren ya cika ranar, har da masu tsayuwa a bango. Waƙoƙi uku na farko sun tafi a hankali fiye da na faifai, da nauyi kamar ana jan tarago, kuma mutane sun bi su da kai. Muryar Zdravko ta tsage sau biyu a ta biyu, ya yi kamar da gangan ne. Da aka zo ta huɗu ya waiwayo, Tsvetan ya buga sanduna sau huɗu da cikakken gudu, suka afka.

Minti ɗaya da rabi ya riƙe. Ya ji gwiwar ta ɗauki wuta, ya ji Nevena ta matso kusa tana jan tsirkiyar bes da ƙarfi don ta tare masa. A tsakiya ƙafar hagu ta tsaya cak. Ya ci gaba da ta dama kaɗai da hannaye biyu, rabin kiɗa, kowa a zauren ya ji ramin. Wasu suka yi fito na ba'a. Wani ya yi ihu, "A kunna kwamfuta!" aka yi dariya. Wasu kuma a gaba suka kama buga ƙafa a ƙasa suna cike masa gurbin, ba daidai ba, kowa da nasa gudun. Bai gode musu ba, haushinsu ma ya ji. Ya kai waƙar ƙarshe da haƙora a cije, ya yi sauran biyar ɗin, da aka gama sai da Zdravko da Nevena suka kama shi ta hammata kafin ya iya tashi daga kujera.

Bayan kwana biyu wata jarida ta rubuta cewa wasan ya nuna dalilin da ya sa aka nemi taimakon inji, kuma mai gangar Sguriya ya ƙare, ya kamata wani mai ƙaunarsa ya gaya masa. Nevena ce ta kawo masa jaridar gida, inda yake kwance da ƙafa a kan matashi da ledar ƙanƙara a gwiwa. Ya karanta sau biyu, yana tsaki.

"Wannan ɗan iskan ya taɓa riƙe sanda? Ya ƙare! Minti ɗaya da rabi na riƙe, bai rubuta ba."

"Minti ɗaya da sakan ashirin. Na duba bidiyo."

"Ke ma fita min a gida."

Ba ta fita ba. Ta shiga kicin ta ɗora kofi, ta ɗaga murya ta ce Zdravko na waje a mota, ya ce yana da sababbin waƙoƙi biyu, masu tafiyar hawainiya, ko ya shigo.

"Ya zauna a can," in ji Tsvetan. Ya gyara ledar ƙanƙara. Can ya ce, "Masu tafiyar hawainiya kamar yaya? Ni ban ce a mayar da mu 'yan kiɗan jana'iza ba. Ce masa ya shigo in ji, kuma ya goge ƙafa."